Amsa ga ƙanwata da aka ɗauke wa hotuna

Ƙanwata, kin ce wani shafin labarai ya kwashi hotunanki ya liƙa tambarinsa bai ambaci sunanki ba, kina tambaya ko ki dakata da aikin ɗaukar hoton labarai sai kin sayi kyamara. Wallahi na ji abin har raina, don na sha wannan ɗacin.

Lokacin ambaliyar Kantin Kwari a 2022 ruwa har gwiwa na kutsa, wayata ƙunshe a leda, ana ta fito da dilolin atamfa da shadda suna ɗiga. Wani dattijo na zaune a bakin shagonsa ya yi tagumi, sai da na nemi izininsa na ɗauka. Na tura wa wani edita da nake kira yaya. Kafin magariba ga hoton a shafinsu, an yanke gefen da sunana yake, an dasa tambarinsu daidai kafaɗar dattijon. Na kira shi, wai ai tallata ni suka yi. Ko kuɗin adaidaita bai ba ni ba. Har yau in muka haɗu a taron manema labarai hannu yake miƙo min yana fara'a, ko a jikinsa, ni kuwa ƙirjina kamar an ɗora dutse.

Kada ki goge hoton asalin da ke wayarki, shi ne shaidarki, don yana ɗauke da rana da lokaci da irin wayar. WhatsApp yana matse hoto ya share waɗannan bayanan, sai dai ki tura a matsayin fayil. Sunanki kuma ki sa shi can ciki inda yankewa za ta ɓata hoton. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi hoto, ki rubuta musu ki faɗi haka.

Kyamara kuwa, bar ta tukuna. Je kasuwar waya ta Farm Centre ki sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, hon ɗin titunan Kano ke kashe mana bidiyo. In an turo miki hoton gobara, duba shi a Google Lens, manhajar da ke nuna inda aka taɓa wallafa hoto, tsofaffi sukan dawo a matsayin sababbi. Don Allah kuma a riƙa rufe fuskokin yara da na gawa, iyayensu na gani.

Ɗauki hoton shafin nasu yanzu kafin su goge, ki turo min ta akwatin saƙo mu rubuta takardar tare.