Murjanina yana fari a zafin Afrilu, in zuba masa maganin kifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Birnin Kebbi nake, ina da tankin gilashi na ruwan teku mai lita 200, wata takwas ke nan da haɗa shi. Duk hunturu lafiya lau. Tun shigowar Afrilu murjanina masu rassa guda biyu suka fara koɗewa, yanzu ɗaya ya yi fari fat, masu laushin kuma sun tsuke. Da la'asar ma'aunin zafi yana nuna 31. Na nuna wa wani mai sayar da kayan kiwon tarwaɗa hotonsu a waya, ya ce fangas ne, ya ba ni shuɗin magani a kwalba marar rubutu, ya ce in haɗa da kafso, in ƙara gishiri da 'yar kanwa. Ban zuba ba tukuna. Hankalina a tashe yake, na sha wahala kafin su iso daga Legas. Sun mutu ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara fitar da kwalbar nan daga ɗakin, sannan ka dawo mu yi magana.

Ciwon yana cikin wasiƙarka, shi ne 31 ɗin nan. Murjani yana son ruwa a digiri 25 zuwa 26, yana iya jure 28 na ɗan lokaci. In zafi ya zarce haka kwana da kwanaki, ƙananan gansakukan da ke zaune cikin namansa, masu ba shi launi da yawancin abincinsa, sai ya kore su. Naman ya koma garai-garai, farin ƙashin ya bayyana ta ciki. Haka ta faru da babban tudun murjani na Ostareliya a 2016, kuma a teku ƙarin digiri ɗaya bisa zafin da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa ya yi wannan ɓarna. Naka ya haura da biyar.

Ko ya mutu? Bayan isha'i ka kashe fitila, ka jira kamar awa ɗaya, ka haska da ƙaramar tocila. In ka ga 'yan bakunansa suna leƙowa, ko wata fata mai santsi a kan ƙashin, da ransa, yunwa ce ke gabansa. Wanda ya mutu ƙashinsa a bayyane yake, da kaushi, kuma cikin 'yan kwanaki gansakuka mai ruwan ƙasa za ta rufe shi.

Yau ɗin nan ka cire murfin tanki, ka kafa fanka tana hura saman ruwan. Kafin saukar damina iskarmu a bushe take, don haka fanka tana aiki a Kebbi fiye da yadda take yi a Legas, tana iya sauke maka digiri ɗaya ko biyu. Ka daskarar da ruwa a gora mai murfi ka riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya. A hankali za ka sauko, cikin kwana biyu ko uku, don faɗuwar zafi farat ɗaya ita ma illa ce. Ka rage ƙarfin fitila da kusan rabi, murjanin da ya koɗe haske mai ƙarfi ƙona shi yake. Lokacin kunna ta kuma ka mayar da shi dare, kada zafinta ya haɗu da na azahar. Injin kaɗa ruwa ka ɗora shi kan inbata, domin ruwa mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, in an ɗauke wuta da rana tsaka kifin ne za su fara haki. Maganar gaskiya, wanda zai riƙe murjani mai rassa a garin da bazara ke haura 40, ko dai na'urar sanyaya ruwan tanki ko ɗaki mai esi da sola. Fanka da ƙanƙara agajin gaggawa ne.

To, mu koma kan kwalbar, don ita ce ta fi damuna. Kusan duk tankin da aka kira ni a kansa bayan ya lalace, labarin ɗaya ne: an ga canji, an ruga wurin mai maganin kifi, an zuba. Mutanenmu sun san kifi, ba wanda zai koya wa ɗan Argungu ko ɗan Yauri sha'anin ruwa. Amma ilimin tarwaɗa da ƙarfasa ne, na ruwan daɗi. Tarwaɗa tana shaƙar iska a sarari, tana kwana a taɓo, ka yi mata wanka da gishiri ko da jan magani ta warware. Murjani dangin wata halitta ne daban, ba ƙaya ba ɓawo, fata ce siririya shimfiɗe kan ƙashi, duk abin da ke cikin ruwa kai tsaye yake shiga jikinsa. Mai shagon nan bai taɓa riƙe murjani mai rai ba, wanda ya sani shi ne na wuyan amare, amma da ka nuna masa hoto a waya nan take ya yanke hukunci ya miƙo kwalba. Wannan gangancin ne yake ba ni haushi. Mene ne wahala a ce "ban san wannan ba"?

Shuɗin magani marar suna, mai yiwuwa akwai tagulla a ciki, domin da sinadarinta ake kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka a tafkunan kifi. Adadin da ake jinyar kifi da shi, wajen miligiram 0.2 a lita, ya isa ya kashe murjani da jatan lande da katantanwa duk da ke tankinka. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa nan. Duwatsun tanki da yashinsa na farar ƙasa ne, suna tsotse tagulla, su riƙa sakinta kaɗan-kaɗan wata da watanni. Mutum ya canza ruwa, ya sake sayo murjani, ya sake mutuwa, ya ce an yi masa baki ko an sayar masa da marar lafiya, alhali guba tana cikin dutsensa. Na taɓa ganin tankin da sai da aka zubar da duwatsunsa gaba ɗaya. Saboda wannan dalilin ma kada famfo ko mahaɗin bututu na tagulla ya taɓa ruwanka.

Kafso kuwa, wace cuta zai kashe a nan? Zafi ba ƙwayar cuta ba ne. Abin da zai iya kashewa su ne ƙwayoyin da ka yi makonni kana reno a farkon haɗa tanki, masu cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi. In suka tafi amoniya ta tashi, ga ruwa da ɗumi, ga murjani a galabaice, sai a wayi gari kifin ma sun bi. Ko kifi ne ya kamu da farin ɗigo, a tankin jinya na daban ake ba shi magani, da raga daban da bokiti daban. Halittun nan ba su kawo kansu Kebbi ba, mu muka ɗauko su daga teku, amana ce a wuyanmu, bai kamata mu riƙa gwada musu abin da ba mu san sunansa ba.

Gishirin da ya ce ka ƙara shi ne ya nuna bai san me yake kallo ba. Gishiri yana taimakon tarwaɗa don ƙwayoyin cuta na ruwan daɗi ba sa jure shi. Ruwanka tuni yana da giram 35 a kowace lita. Kuma da wannan zafin, balle ka kafa fanka, ruwa ne ke tashi ya bar gishirin a ƙasa, ina kyautata zaton naka ya riga ya haura. Ka auna da ma'aunin gishirin ruwa, 1.025 zuwa 1.026 ake nema. Abin da ya ƙafe kullum da tsurar ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace gishiri da ma'adanai daga cikinsa, ake cike shi, ba ruwan gishiri ba, ba na rijiya ko burtsatse ba. Gishirin miya, ko na Foga da ake kawowa daga Nijar, ba shi da kalsiyam da magnesiyam a ma'aunin da ruwan teku ke da su. Kanwa tana da 'yar gaskiya a bayanta, don danginta ne sinadarin da muke ɗaga alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, da shi, amma namu tsaftatacce ne, da awo ake sa shi. Ta kasuwa ba ka san ƙarfinta ba, ba ka san ƙasar da ke haɗe da ita ba, kuma tsallen alkaliniti a yini ɗaya yana saɓule naman murjani mai rassa. Ka riƙe shi tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, kada ka gyara komai sai ka auna.

Mai karatun da ya riga ya zuba irin wannan magani, ya kwashe murjaninsa zuwa sabon ruwa a wani mazubi mai zafi da gishiri iri ɗaya, ya canza ruwan tanki mai yawa, ya sa gawayin tacewa da abin tsotse tagulla, kuma kada ya mayar da su sai gwajin tagulla ya nuna babu.

Kai kuwa, in zafi ya daidaita, ka riƙa ba wanda ya yi farin abinci mai laushi kaɗan da dare sau biyu a mako, tunda masu ciyar da shi sun tafi. Launi yakan ɗauki makonni, wani lokacin watanni, kafin ya dawo, kuma da ruwan ƙasa-ƙasa yake farawa, kada hakan ya tsorata ka. Masu laushin su za su fara buɗewa. Bayan mako ɗaya ka aiko mini da zafin asuba da na la'asar na kowace rana, da awon gishiri da alkaliniti.