Fatawa: Layin wuta zai ratsa gonarmu, ko mu ma mu sare itatuwan daji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Daura, da rani kuma ina sayar da itacen wuta. An zo an auna gonarmu ta gado, an ce babban layin lantarki zai ratsa ta, za a sare ɗorawa biyu da gawo guda, sannan a biya diyya. Gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce mu ƙi yarda don ƙwace ne, wasu kuma sun ce tunda hukuma da kanta tana sare itatuwa, mu ma mu faɗa dajin da ke kusa da mu mu sara mu sayar a hunturun nan, ai itace ba ya ƙarewa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, mas'alar farko ba ta da wuya. Asali dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, amma malamai sun togace abin da maslahar jama'a ta tilasta. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye da shi, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Malaman Malikiyya sun halatta tilasta sayarwa don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanyar da jama'a ke bi, kuma layin da zai kai wuta asibiti da injin niƙa da rijiyar burtsatse yana shiga wannan babi. Don haka ba ƙwace ba ne matuƙar aikin na jama'a ne da gaske, kuma an biya diyya ta adalci ba tare da jan rai ba. Dokar filaye ta 1978 ma ta tanadi biyan diyyar amfanin gona da abin da aka gina idan an karɓi fili don amfanin jama'a. Kana da haƙƙin ka nemi a ƙiyasta ɗorawar nan da abin da take bayarwa duk shekara na kalwa da garin ɗorawa, ba da yawan itacen da ke jikinta ba. Kuma tunda gonar ta gado ce, kuɗin na dukkan magada ne, maza da mata, kowa da rabonsa, ba na wanda ya sa hannu a takarda kaɗai ba.

Mas'ala ta biyu ita ce ta fi damuna. Sayar da itace sana'a ce mai daraja. A hadisin Zubairu ɗan Awwam da ke cikin Bukhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya ɗauro damin itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane. Allah kuma ya ambaci itacen da ake kunna wuta da shi cikin ni'imominsa a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa ta 73. Babu wanda zai ce wa tsohuwar da sanyin asuba ya hana ta barci kada ta hura wuta ta ji ɗumi, musamman ga shi gas da kananzir sun fi ƙarfin aljihun talaka.

Sai dai maganar cewa itace ba ya ƙarewa ba gaskiya ba ce, kuma kai da ke cikin sana'ar ka fi ni sani. Ina yaro, almajirai kan fita bayan la'asar su dawo kafin magariba da ƙiraren da za a yi karatun dare da su. Yau mai amalanke yakan yi sammako ya wuni a hanya, abin da zai dawo da shi kuma ɗanyen marke ne ko ƙirya, ruwa na tsatsafowa a bakin sara. Itace yana ɗorewa ne idan abin da ke tsirowa ya kai abin da ake sarewa, kuma a ƙasa irin tamu mai gajeren damina, inda jihar Katsina ke cikin jihohi 11 na arewa da aka sa a shirin katangar itatuwa don tare hamada, gawon da ya shekara ashirin yana girma gatari kan kayar da shi da hantsi guda.

Ƙiyasin da mutanenku suka yi ɓatacce ne, domin sarar da ake yi a ƙarƙashin layi tana da iyaka da dalili, wato kada reshe ya taɓa waya ya kashe mutum ko ya tada gobara, ana kuma biyan mai itacen. Sarar daji kuwa cin haƙƙin kowa ne, ba wanda ake biya. Hadisin da ya ce Musulmi suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta hujja ce a kanku, don abokin tarayya ba ya cinye rabon sauran. Abu Dawud ya ruwaito narko mai tsanani a kan wanda ya sare magarya, ya kuma fassara shi da wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta a daji, aka sare ta bisa ɓarna. Idan kuma dajin na gandu ne da hukuma ta keɓe, haramcin ya ƙaru, saboda Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Umar ma ya keɓe makiyayar Rabaza, kuma biyayya ga shugaba a irin wannan wajibi ce. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ta isa: babu cuta, babu cutarwa.

Hukuncin dai shi ne, busasshen itace da rassan da aka sassabe ba tare da kashe uwar ba halal ne a tsinta, a ƙona, a sayar. Itatuwa ukun da za a sare a gonarku na magada ne, sai idan an yi sharaɗin cewa diyyar ta haɗa da itacen. Kayar da ɗanyen itace a dajin jama'a don kasuwa ko don gawayi bai halatta ba. Ina ba ka shawara ka ware wani abu daga rabonka ka dasa darbejiya a iyakar gona nesa da layin, ka kuma duba yadda maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram ke yin sassabin zamani, inda suke barin tohon kututture ya girma, suna rage rassa kawai.

Ka kuma gaya wa masu saye a wurinka kada su kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, domin gawayi na fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mai barci, kuma Annabi ya yi umarni a kashe wuta idan za a kwanta. Allah ne mafi sani.