Faɗi sunan maganin duka, ko da za a yi miki dariya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya, ina sitaj, wato koyon aiki a aikace, a wani asibiti nan cikin Damagaram. Majon ɗakinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, ba ta barin kuskuren Faransanci ya wuce. In na ce "falu" (zazzaɓin cizon sauro) sai ta ce "palu", in na ce "ferfiziyo" (ƙarin ruwa) sai ta kwaikwaye ni a gaban majinyata. Rahoton gardina kuwa da jan biro take maido mini da shi, ta zagaye kowane "le" da "la". Yanzu har tsoron buɗe baki nake yi. Sunan maganin da ya yi mini tsawo sai in gutsure shi yadda manya ke yi, in ce "arte" ko "sef" a wuce wurin. Abokan karatuna sun ce in share ta, muddin an gane ai shi ke nan. Rashin iya furucin nan zai iya cutar da majinyaci, ko dai iyayi ne kawai irin na majo?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗiyata. Kwantar da hankalinki. "Falu" bai taɓa kashe kowa ba. Bakin Bahaushe yakan haɗa p da f wuri ɗaya, kuma akwai ƙwararrun ungozomomi da suka yi ritaya suna cewa "farasetamol", hannunsu kuwa ya karɓi rabin unguwa. Nima kunnena yana ƙaiƙayi in na ji an ce "la sérum", ba zan ɓoye miki ba, amma ƙaiƙayin kunne ba cuta ba ne. Majo ta yi daidai da take gyara miki rubutu, don rahoton gardi wani ne zai karanta shi da asuba ke kina gida kina barci. Kwaikwayon da take yi miki a gaban mutane kuwa bai dace ba, kuma ga abin da ya haifar: ta kore ki daga kuskuren da ba ya cutarwa ta tura ki cikin wanda ke kai mutum kushewa.

Maganar abokanki ce ta tayar mini da hankali. "Muddin an gane." Wa ya gane? Me ya gane? Kullum sai na ji wannan magana, kuma daga bakin waɗanda suka daɗe a aiki ta fi fitowa.

Ɗauki "arte" ɗin nan naki. Artesunat da artemeter, duk da dukansu maganin palu ne, ba abu ɗaya ba ne, ko da masu tallar magani a faranti na kasuwar Dole sun rantse miki da haka. Artesunat gari ne cikin kwalba. Ta miligiram 60 ana narka ta da mililita 1 na bikarbonat, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya za a ba da, ko mililita 2 in a tsoka ne. Miligiram 2,4 ga kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3, a take, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24. Artemeter kuma cikin mai yake. A tsoka kaɗai ake yin sa, a gaban cinya, miligiram 3,2 ga kilo ranar farko, 1,6 a kwanakin da ke biye. Mai ba ya shiga jijiya, ko a mafarki. To ki ɗauka watan Satumba ne, ruwa ya zauna, an cika gadaje da yara daga Mirya da Magarya da Matamaye, uku a gado ɗaya, wuta ta ɗauke, ana haska jijiya da fitilar salula. Wani ya ɗaga murya daga bakin ƙofa ya ce "a ba na gado huɗu arte". Yaron yana da kateta, wato robar da ake sa wa a jijiya, a hannu. Wadda ta ji umarnin sabuwa ce irinki, tana jin kunyar tambaya don kada a ce ba ta san aiki ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko wanda hannunta ya fara taɓawa. An gane ɗin ke nan?

"Sef" ma haka. Seftriyakzon ne, ko sefotakzim, ko seftazidim? Duk maganin ƙwayoyin cuta ne, amma ba su da lokutan bayarwa ɗaya. Ko seftriyakzon ɗin kansa, akwai kwalin da ke zuwa da ruwan narkawa mai lidokayin, maganin kashe zafin allura, na tsoka ne zalla, in aka tura shi a jijiya zuciya ake taɓawa. Kuma ba a haɗa shi da ruwan ƙarin da ake kira Ringer a layi ɗaya saboda kalsiyam da ke ciki, balle ga jariri sabon haihuwa. Duk wannan yana rubuce a jikin kwali, amma wanda ya saba da rabin suna ya daina karanta kwali tun tuni, launi kawai yake dubawa. Ga shi magungunanmu daga ko'ina suke shigowa, wani da Faransanci, wani daga Kano da Turanci, kamfani ya sauya launin kwali ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "ipo" da "iper". Faransanci ba ya furta h, saboda haka abin da ya raba sukarin da ya faɗi da wanda ya hau gaɓa ɗaya ce a ƙarshe, ita ce kuma mai jin kunya ke haɗiyewa. Yaro mai palu mai tsanani sukarinsa na faɗuwa, in yana kan kinin abin ya fi muni. Kada ki ce mini ipo, kada ki ce mini iper. Faɗi lambar, ki faɗi ma'auninta. Har lambar ma in ta zo tsirara ba ta da amfani: "sukarinsa 3" na iya zama giram 3 a lita, wato ya hau sosai, ko milimol 3 a lita, wato wajen giram 0,54, yaro na gab da suma. Na'urorin da ke hannunmu ba ma'auni ɗaya suke nunawa ba. Haka wanda ke rubuta U a madadin "unité" gaban adadin insulin: hannu ya ɗan karkace, 4U ta koma 40. Mai cewa "ampul ɗaya" shi ma ɗan gidansu ne, sai ka ce duk ampul ɗin duniya awo ɗaya aka yi musu.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai tara na kare majinyaci, na farkonsu a kan sunayen magunguna masu kama da juna ne a ido da a kunne. Turawan da aka haifa cikin harshen ma suna ruɗewa. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu zuwa duba aiki. Su zauna su ƙirga rajista, su nemi sa hannu da hatimi a kowane shafi, su karɓi kuɗin zama su hau mota. Ban ga suna tsayawa su saurari yadda ake miƙa gardi ba, ko su buɗe kabad su ga ampul ɗin potasiyam kwance kusa da na sodiyam, girmansu ɗaya, ruwansu fari iri ɗaya. Potasiyam in aka tura shi kai tsaye a jijiya tsayar da zuciya yake yi. Amma a rahotonsu komai lafiya, tunda shafi ya sha hatimi.

Ga abin da nake so ki riƙe daga gardin gobe. Duk umarnin da aka ba ki da baki, maimaita shi da ƙarfi kafin ki taɓa allura: cikakken suna, miligiram nawa, ta wace hanya, ƙarfe nawa, wane yaro, kilo nawa. Ki rubuta nan take. In likita ya ce "arte", ki ce "artesunat ko artemeter, likita?" In ya ɗaure fuska ya ɗaure, fuskarsa za ta saki kafin azahar. In rubutun odonansi, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ya gagare ki, kada ki yi canke, koma wurin mai shi. Kuma ba laifi ba ne ki tabbatar da Hausa, ki ce "sukari ya yi ƙasa", kowa a ɗakin zai ji ki sarai, har uwar yaron.

Furuci kuwa da maimaici ake samun sa. Ɗauki kwalayen da aka zubar, ki riƙa karanta sunayen gaɓa gaɓa a gida, da murya. Majo kuma ki same ta ita kaɗai bayan an sallami majinyata, ki gaishe ta, ki ce kina son gyaranta, ki roƙe ta ta riƙa yi miki shi a ofis. In ta ƙi, ci gaba da faɗin "seftriyakzon" ɗinki yadda bakinki ya iya, har ƙarshensa, da ƙarfin da na bakin ƙofa zai ji. Allah ya ba da sa'ar karatu.