Muryar Alhaji ga yaron da aka kwashe wa kofa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da ƙarar da za ku ji a bayana, a fili nake, yara na sarar wata tsohuwar tanki. To, ƙanena, na saurari muryarka ta daren jiya har sau biyu. Ka ce a filinka na sayen tsoffin ƙarafa an ɓalle maka langa-langa ta baya, an kwashe buhu biyu na kofa, wato jan ƙarfe, da batira, ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, kana tambaya kyamara za ka saya ko kare. Allah Ya mayar da alheri. Amma ni ba zan ɓoye maka ba, ba wannan ce tambayar ba. Tambayar da ke ranka, wadda kake jin nauyin faɗa a gaban mutane, ita ce: wa ya san inda buhunan suke? Ita zan amsa maka.

Kai da bakinka ka ce a ƙarƙashin tsoffin kwanon rufi ka tura su, ka ɗora tayoyi a kai. To wane baƙon ɓarawo ne zai shigo cikin duhu, ya wuce tulin ƙarfe, ya wuce alminiyom, ya je kai tsaye ya ɗaga taya? Duba yake yi? Da ɗan gari akan ci gari, malam. Ban ce yaronka ne ba, kada gobe a ce Alhaji ya haɗa ka da yaranka. Yana iya zama mai kawo maka kaya a kura, ya tsaya yana jiran kuɗinsa yana kallon inda kake kai jan kaya, wato su kofa. Yana iya zama mai shayin bakin ƙofa. Amma ido ne da ya saba shiga wurin.

Kuma ɓarawon gwangwan ba mahaukaci ba ne, ya san lissafi. Kilo ɗaya na kofa ya ninka kilon baƙin ƙarfe fiye da sau goma, kai ma ka sani. In zai saci ƙarfen da zai kai kuɗin buhunka ɗaya, sai ya zo da kura da mutum uku, ga ƙara, ga karnukan unguwa. Kofa kuwa a kafaɗa zai saɓa ya bi lungu. Don haka ƙarfe nauyinsa ne maigadinsa. Abin da mayen ƙarfe ya kama, bar shi a fili ya sha rana. Abin da maye bai kama ba, kofa, biras, alminiyom mai kyau, lagireto, dalmar batir, wannan kuɗi ne, ba a barinsa ya kwana a kango. Za ka bar damin kuɗi a ƙarƙashin taya ka tafi gida? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bari in ba ka nawa, don kada ka ga kamar daga sama nake magana. A 2019 ne... a'a, tsaya, 2020, lokacin kullen korona, don na tuna motoci ba sa fita yadda aka saba, kaya suka taru mana. Ka san mu nan tarawa kawai muke yi, yawancin ƙarfen nan Kudu yake tafiya, wajen Ikorodu da Ogijo, can ake narka shi a mayar da shi rodi ya dawo mana Ƙofar Ruwa mu saya da tsada. To hanya ta tsaya, kofa ta taru mini a wani ɗan ɗaki. Ina da yaro a lokacin, ni na ɗauko shi tun yana yawo da buhu da maye a ɗaure da igiya, na koya masa sikeli, na koya masa bambance biras da ƙarfen da aka yi wa ruwan biras, har makulli nake bar masa. Kullum in na auna sai in ga kamar kayan na raguwa, amma ba a fasa ƙofa ba, kwaɗo lafiya lau. Na ce ko sikelin ne. Na sa aka kawo wani sikeli. Haka dai.

Yadda asiri ya tonu, akwai wani kan famfo na biras, irin na da mai nauyi, hannunsa ya karye gefe guda, an ɗaure shi da koriyar waya. Na saye shi ranar Litinin, na tuna shi don har na ce zan kai gida in gyara. Ranar Alhamis wani almajiri ya juye buhunsa a gabana, sai ga kan famfon nan, da koriyar wayarsa. Na yi shiru na biya. Na ɗauki ƙusa na yi masa ƙaramin zane a gindi, na mayar ɗaki. Wallahi bayan kwana biyar ya sake dawowa, a hannun wani yaron daban. Sau uku ina sayen kayana da kuɗina! Ashe da rana tsaka, lokacin da na tafi sallar azahar, yaron nawa yake cilla kaya ta saman katanga cikin ciyawar bayan fili, da magariba abokansa su tsince. Ƙanana su dawo mini da su, manyan kuma su kai wa wani dila da ke layin bayanmu.

To wannan dilan shi ne har yau abin yake ci mini rai. Yaro dai yaro ne, ya yi kuka, ubansa ya zo daga ƙauye, na yafe, na sallame shi. Amma babba da gemunsa, muna sahu ɗaya a masallaci, ya san ɗaurina, don ni kofar da na ƙone daban nake murɗe ta, wadda aka feƙe daban, kowa a layin ya san murɗina. Ya gani, ya saya a rabin kuɗi, ya yi gum. Da muka zauna gaban shugabannin ƙungiya sai cewa ya yi wai ƙarfe ba shi da suna. Ƙarfe ba shi da suna! Aka ce ya biya rabi, ya ce to. Yau shekara nawa? Ko sisi. Kuma in mun haɗu shi ne mai fara miƙo hannu, Alhaji ya kasuwa. Wataƙila ma yana cikin zauren nan yana ji, in yana ji ya san kansa. Ban ambaci suna ba. Bikin 'yarsa ma na je, na ba da gudummawa, don kada a ce... kai, bar wannan maganar, ba ita ta kawo mu ba.

Ina muka tsaya? Yawwa, kyamara da kare.

Kare, ni ban hana ka ba, amma in na gida ne ke yi maka, kare kaɗa masa jela zai yi, shi ke ba shi ƙanzo. Ga maƙwabta su fara ƙorafin najasa da haushi. Kyamara kuma tana son wuta dare da rana, sai ka haɗa mata sola da batir, ka ga ka ƙara wa ɓarawo kaya ke nan. In ma ta ɗauka, me za ka gani? Mutum da hula da takunkumi. Ba na ce ba ta da amfani ba, a'a, in gyara maganata: tana da amfani da rana, a saitin sikeli da ƙofar ɗakin jan kaya, yara su san akwai ido. Wannan ta yi. Amma ba ita za ka fara saya ba.

Fara da mai walda. Ka samu tsohuwar tanki ko durom mai kauri, ai kai ne gidansu, a yi mata murfi da fata biyu irin na ƙofa, a yi wa kwaɗon ɗan akwati na ƙarfe ya rufe shi yadda zarto ko almakashin rodi ba zai samu wuyansa ba. A kafa ta da siminti, ko a like ta jikin wani tsohon injin da mutum huɗu ba sa ɗagawa. Makulli a aljihunka, ba na biyu. Langa-langar nan taka kuma, na ga hoton, ƙusoshin ta waje suke, ai gayyata ce. A juya su ciki, a gilma rodi biyu a like, ka jingine manyan ƙarafa a jikinta ta yadda duk wanda ya taɓa sai unguwa ta ji. Ka sa a nome ciyawar baya. Wannan daga abin da ya same ni na koya.

Sannan awo. Kowace yamma kafin ka rufe, auna jan kaya ka rubuta a littafi, da safe ka sake aunawa a gaban yaran. Minti goma ne. Ba zargi ba ne, ka gaya musu haka tsarin yake. Kuma kada ka tara. Na san dalilinka, jira kake farashi ya tashi, dala ta motsa. Mai ƙaramin jari ba ya wannan cacar. Ta kai kilo 20, 30, kai wa babban dila ka karɓi kuɗinka, ko ka ɗaura a babur ka kai gida ƙarƙashin gado. Uwargida za ta yi mita kan warin ƙonanniyar waya, ba komai, tawa ma ta yi ta gaji. Batir dai kada ka kai ɗakin kwana, ruwansa guba ne, ga yara.

Maigadi kuma, in ka ɗauka, biya shi kan lokaci. Mutum yana gadin kayan miliyoyi kana riƙe masa albashin wata biyu, me kake nema? Ka riƙa ba 'yan sintirin unguwa nasu na wata, su san ka, su san filin.

Amma akwai wadda ta fi wannan, kuma ba ka tambaya ba, zan faɗa. Satar da ke fita ta katanga asarar buhu biyu ce. Wadda ke shigowa ta ƙofa, ka auna ta da hannunka ka biya, ita ke rufe fili gaba ɗaya. Kun ga abin da ya faru a Abuja a watan Janairun 2025, da aka yi ta cire murafan ramukan kan titi: hukuma ta hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni, aka rufe kasuwannin panteka na mako biyu don tantancewa. Mai gaskiya da marar gaskiya duk suka zauna a gida. Mutum nawa ne suka saci murfin? Amma sunan sana'a gaba ɗaya aka ɓata, yanzu yaro ya shiga unguwa da kura ana yi masa kallon ɓarawo.

Don haka ni a filina akwai abin da ko kyauta ba ya hawa sikeli. Ƙarfen layin dogo da ƙusoshinsa. Murfin kwalbati. Kebul mai sulke irin na taransifoma, ko an yanka shi gunduwa-gunduwa, kaurin kofar zai gaya maka. Samo na rijiyar burtsatse. Kan famfon masallaci, ƙafafun kujerun makaranta, allunan maƙabarta, wa'iyazu billahi, har wannan an kawo mini, da sunan mamaci a jiki. Sannan yaro ƙarami ya zo da tukunya, ka duba cikinta. Rannan wani ya kawo, da sauran ƙanzon tuwo a gindi, ko jiƙa ta ba a yi ba. Na ce ɗauki mu je wurin babarka. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, a wurin hukuma ma haka yake, mai karɓar kayan sata laifinsa daban a doka. Ranar da sibil difens suka zo da yaro da ankwa ya nuna ƙofarka, ba ruwansu da ban sani ba. Kayan kamfani ko na wurin gini, a ba ka rasit da takardar fita daga ƙofa. Baƙon fuska da kaya masu yawa, ɗauki hotonsa da kayan a wayarka, rubuta lambarsa. In ya ƙi, ka ga amsarka, ya ƙara gaba.

Af, da kayan Gabas. Na ji wasu a nan suna cewa akwai araha. Ku bi a hankali. A 2023 Gwamna Zulum ya hana harkar a Borno, saboda yaran da ke shiga daji neman tsoffin ƙarafa, ajakuta kamar yadda suke kiransu can, ana kashe su, ga kuma kayan gwamnati da ake ɓallewa. Mu nan Kano a watan Yunin 2025 kun ga bam ɗin da ya tashi a cikin lodin da aka kawo daga Arewa maso Gabas, mutum biyar suka rasu, har gwamnati ta dakatar da shigo da kayan yankin. Duk wani abu mai kama da tulu ko bututu rufaffe, mai nauyi, da ba ka san ko mene ne ba, kada yaro ya sa masa guduma, kada a kusanto da wutar gas. A matsa, a kira 'yan sanda.

Kai! Kai! Ba nan za ka jefa ba, wancan kas ne, ware shi daban, sau nawa zan faɗa?

Yi haƙuri ƙanena. Abin da za ka yi yanzu, kada ka tara yaranka ka hau rantsar da su, ba abin da za ka samu sai gaba. Yi shiru kamar ka haƙura. Ka zaga wurin dilolin da ke kusa da kai, uku ko huɗu, ka kwatanta musu kayanka, irin buhun, irin batiran, don ba za a kai su nesa ba, ɓarawon kofa ba ya biyan kuɗin mota. Ka sanar da shugaban layinku, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ko don ya zama a rubuce. Sai ka ɗan yi wa wasu kaya alama yadda na yi, ƙusa ko ɗigon fenti a inda ido ba ya kaiwa, ka zuba ido mako biyu. Maganar mai waldar kuma, akwai wanda ya yi mini tawa, zan tura maka lambarsa ta gefe in na duba, ina jin tana tsohuwar wayata. Ga motar lodi ta iso, direban nan in ban tsaya a kansa ba rabin mota zai ce ta cika. Sai anjima.