Matar da ta ba mijinta ƙoda da ɓargo, aurensu yana nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, maigidana yana fama da ciwon ƙoda, sau uku a mako ake masa wankin ƙoda. An gwada ni, likitoci sun ce zan iya ba shi tawa. Sai kuma suka yi mana tayin shiga wani bincike: bayan ƙodar za su ɗebi ƙwayoyin ɓargona su sa masa, wai don jikinsa ya saba da ƙodar har ya daina shan magani. Wani mai wa'azi ya ce mana idan ɓargona ya zauna a jikinsa ya zama kamar ɗan'uwana na shayarwa, aure ya mutu. Ɗanmu ɗaya, muna son ƙari. Danginsa kuma kullum tambayata suke yaushe zan sa hannu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kyautar ƙoda daga mai rai halal ce muddin ba za ta halaka mai bayarwa ba kuma ba a yi ciniki a kanta ba. A kan haka majalisar fiƙihu ta Makka ta tsaya a 1985, ta Jidda ma a 1988.

Maganar mai wa'azin nan kuwa kuskure ce, kuma kuskure mai raba gida, don haka zan tsaya a kanta. Abin da nake zato ya ruɗe shi shi ne ruwayar da ta ce shayarwar da ke haramta aure ita ce wadda ta tsirar da nama ta ƙarfafa ƙashi. Sai ya ce ai ɓargo ya fi nono shiga jiki, tunda shi ke ƙera jini. To amma matan da aka haramta aure an lissafa su a Suratun Nisa'i, aya ta 23, sannan aya ta 24 ta ce an halatta muku abin da ke bayan wannan. Dalilan haramci na har abada a cikinta uku ne: nasaba, surukuta, shayarwa. Ba a ba kowa damar ƙara na huɗu ba.

Ko da mun bi shi a kan ƙiyasin nasa, ba zai kai shi inda yake so ba. Shayarwa tana haramtawa ne ga jariri cikin shekara biyu, Malikiyya suka ƙara wata biyu. Mijinki baligi ne. A cikin Muwaɗɗa an kawo mutumin da nonon matarsa ya shiga cikinsa, Abu Musal Ash'ari ya ce yana ganin ta haramta gare shi, sai Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce masa ya duba irin fatawar da yake ba mutumin, babu shayarwa sai cikin shekara biyu. Abu Musa ya karɓa. To idan nonon kansa, wanda nassi ya zo a kai, bai raba babba da matarsa ba, yaya abin da ake son a kwatanta da nono zai raba? Majalisar Makka ta ma duba abin da ya fi wannan kusa a 1989, wato mace ta ba jaririn da bai kai shekara biyu ba jininta, ta ce hakan ba ya haramta komai.

Akwai kuma abin da ilimin likitanci ya tabbatar: duk macen da ta yi ciki, wasu ƙwayoyin ɗan suna ratsawa cikin jininta su zauna shekaru masu yawa, kuma rabin gadon halittar da ke cikinsu na mijinta ne. Ke kanki kina iya ɗauke da irinsu tun cikin ɗanku. Da cuɗanyar ƙwayoyi tana kashe aure, da ba auren da zai wuce cikin fari.

Nasaba ma ba ta taɓuwa. Ɓargo jini yake samarwa, ba ya sauya maniyyi, 'ya'yan da zai haifa nasa ne. Wannan ne bambancinsa da dashen maraina ko na mazaunin ƙwan mace, wanda majalisar Jidda ta hana a 1990 saboda suna ci gaba da ɗaukar gadon mai su na asali. Sai dai ku adana takardun asibiti da kyau, domin wata rana gwajin jininsa zai iya nuna ƙwayoyin halittarki, kada wanda bai san labarin ba ya gina zargi a kai.

Aurenku yana nan daram. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki kalmar nan ce da kika wuce da sauri: bincike. Dashen ƙoda na yau da kullum magani ne tabbatacce tun bayan na farko da ya yi nasara a Boston a 1954 tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Wanda ba tagwai ba sai ya dawwama a kan magungunan danne garkuwar jiki irin su takrolimus, safe da dare, kuma suna da nauyinsu: kamuwa da cututtuka, ciwon suga, wasu nau'o'in cutar kansa, har da gajiyar da ƙodar kanta. Don haka burin masu binciken buri ne mai kyau, kuma ba yau suka fara ba. Tun 1945 Ray Owen ya lura tagwayen maruƙa da suka haɗa mabiyiya kowanne yana ɗauke da jinin ɗan'uwansa lafiya lau, a 1953 Peter Medawar da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa ana iya koya wa garkuwar jiki karɓar baƙo. A 2008 likitoci a Boston suka ba da rahoton mutum biyar da aka yi musu ƙoda da ɓargo tare, huɗu suka daina magani, ɗaya ya rasa ƙodar.

Amma kafin ɓargonki ya samu wurin zama sai an raunana nasa da magunguna masu ƙarfi, sau da yawa har da gashi da na'ura irin wanda ake yi wa masu cutar kansa. Wannan yana iya taɓa haihuwarsa, ku kuma kuna son ƙari. Sannan ƙwayoyinki suna iya juyawa su kai wa fatarsa da hanjinsa da hantarsa hari, kuma an samu wanda ya rasu ta haka a irin waɗannan gwaje-gwaje. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon nisan dacewar jiki, miji da mata kuwa galibi ba su kai 'yan'uwan ciki ɗaya dacewa ba.

Hukuncin shiga bincike, kamar yadda majalisar Jidda ta shardanta a 1992, shi ne yardar mai cikakken hankali, ba tilas, ba kwaɗaitarwa da kuɗi, ba cutarwa. Ku tambaye su ƙarara: mutum nawa aka yi wa wannan a hannunsu, nawa suka daina magani, nawa suka rasa ƙodar, nawa suka rasu, kuma wace hukuma ke sa ido? Ku kai amsar ga wani likitan ƙoda amintacce wanda ba ya cikin masu binciken. Idan ya rinjayar da amfani, shiga ya halatta, har akwai ladan amfanar da na baya. Idan ya rinjayar da cuta, ko suka yi ta kwana-kwana, bai halatta ba, tunda ga hanyar da aka sani a buɗe. Ni dai idan maganin yau da kullum yana samuwa gare ku, hankalina ya fi kwanciya da dashen da aka saba.

Sai batun danginsa. 'Yar'uwa, ba wajibi ba ne a kanki ki ba da ƙodarki, kuma biyayyar aure ba ta kai ga gaɓoɓin jikinki ba. Idan kin bayar sadaka ce babba, idan kin fasa ba ki da zunubi. Sa hannun da aka yi don tsoron gori ba yarda ba ce. Ki zauna da likita ke kaɗai, ba miji, ba suruka, ki tambayi abin da ya shafe ki: mace mai ƙoda ɗaya ta fi fuskantar hawan jini a lokacin ciki, don haka a tsara miki lokacin ɗaukarsa. Kina da damar janyewa har ranar tiyata, kuma ba a bayyana dalilinki sai da izininki. Ki sanar da iyayenki, ki yi istihara. Idan kin janye, kada a koma neman wanda talauci zai sa ya sayar da tasa, wannan haramun ne.

Ki kuma isar wa maigidan: ko ta wace hanya aka bi, kada ya rage ƙwayar magani ko ɗaya da kansa don ya ji sauƙi ko don azumi. Yana da uzurin ajiye azumi har likitansa ya ce ƙodar ta zauna, daga baya ya rama, in kuma an ce ba zai sake iyawa ba ya ciyar.

Wallahu a'alam.