Soket ɗaya ya mutu, sauran gida da wuta

Tambaya: Soket ɗin kicin ɗina ya daina aiki bayan na jona butar lantarki, amma fitilu na ci. Mene ne matsalar?
Wata uwar gida, Garwa

Amsa: Hajiya, fara duba ƙananan makullan da ke akwati kusa da mita. Idan ɗaya ya faɗo, cire butar ki ɗaga shi. Buta mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 a wutarmu ta bolt 220, to idan dutsen guga na kan layin, makulli mai amfiya 16 zai iya faɗuwa.

Idan makullai na tsaye, yawanci waya ce ta saki a bayan soket. Noti ya yi sako-sako, wuri ya ɗau zafi, roba ta yi baƙi tana warin ƙuna. A kashe babban makulli, a tabbatar da tasta, wato abin gwada wuta, cewa babu wuta, sannan a kwance. A yanke inda ya ƙone, a sa sabon soket, a ɗaure tamau. Waya ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ba siririyar fitila ba, wadda wasu masu gyara ke sawa don araha.

Wani lokaci kuma shuɗiyar waya, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita kaɗai ke tsinkewa, soket ya mutu alhali da wuta a ciki. Wannan aikin mai gyara ne, kada ki taɓa.