Tambayi Likita: Allurar Sabunta Ƙwaƙwalwa da Ciwon Sikizofiriniya

Likita, mahaifina yana da sikizofiriniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali. Ni ma zan gada?

Ba lallai ba ne, 'yata. Idan ɗaya daga cikin iyaye na da ciwon, kusan ɗa 1 cikin 10 ne ke kamuwa. Ki nisanci wiwi. In barci ya ƙaurace miki ko kika fara jin muryoyin da babu mai jinsu sai ke, ki ga likita da wuri.

Ɗana ya shekara 7 yana shan maganin sikizofiriniya. Na ga talla a intanet, wani asibiti a ƙasar waje yana yin allurar ƙwayoyin halitta na tushe da ke sabunta ƙwaƙwalwa. Sun ce ya fara daina maganinsa tukuna. In kai shi?

Hajiya, don Allah kada ya daina ko ƙwayar magani ɗaya. Wannan sharaɗin kaɗai ya isa ki gane ba lafiyar ɗanki ce ta dame su ba. Wanda ya yanke magani rana tsaka, ciwon yakan dawo, sau da yawa da ƙarfin da ya fi na da.

Binciken ƙwayoyin tushe kam gaskiya ne, shi ya sa tallar take shiga rai. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe, wadda za ta iya zama kowace irin ƙwaya a jiki, har ya samu kyautar Nobel a 2012. A 2011 masana a cibiyar Salk ta Amurka suka ɗauki fatar masu sikizofiriniya suka mayar da ita ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai suka ga mahaɗar da ke tsakaninsu ba ta kai ta masu lafiya yawa ba. Amma fa a ɗakin gwaji aka yi wannan, don a fahimci ciwon a kuma gwada magunguna. Ba a zuba wa kowa a ka ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da dashen waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa ya kai ga mutane shi ne ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki, domin can an san ƙwayoyin da suka mutu da wurin da suke. Sikizofiriniya ba haka take ba. Matsalar tana cikin yadda sassan ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo ga juna, babu gurbi ɗaya da za a cike. Har yau babu wata hukumar magunguna da ta amince da irin wannan allura ga ciwon ɗanki.

Abin yana ƙona mini rai, wallahi. A 2017 an wallafa labarin mata 3 a jihar Fulorida ta Amurka da idanunsu suka lalace, har da makancewa, bayan an yi musu irin wannan allura a ido. Ido ke nan, ina ga ƙwaƙwalwa? Ki nuna wa likitansa tallar kafin ki tura ko sisi. In kuma ya riga ya rage maganin, ku koma asibiti a yau.

Da gaske an fitar da sabon magani?

Da gaske. A Satumban 2024 Amurka ta amince da Cobenfy. Tun 1952 da aka fara amfani da chlorpromazine, magungunan ciwon suna toshe sinadarin dopamin na ƙwaƙwalwa ne, shi kuwa wannan ya bi ta wata hanya dabam. Yana iya sa tashin zuciya da taurin bayan gida, kuma rage ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Kada ka saya ta intanet.

An canza wa ƙanena magani sau 2, babu sauƙi.

Malam, ka tabbata yana sha tukuna. In mantuwa ce, akwai allurar wata-wata. In yana sha, ka tambayi likitansa batun maganin clozapine, sai dai dole a riƙa auna jininsa a kai a kai. In ya fara maganar kashe kansa, kada ku jira ranar ganin likita, ku kai shi asibiti nan take.